Matakai Biyar na Malama Nevena

Ni da Bai Zdravko mun yi shekara goma sha tara a makaranta ɗaya, ban da gaisuwa babu abin da ya taɓa haɗa mu. A wurinmu "Bai" kalmar girmamawa ce da ake sa wa dattijo a gaban suna. Ni ina hawa na biyu, ina koyar da harshe da adabi. Shi yana ɗakin kafintoci na bayan gini, yana koya wa yara zanen kayan ɗaki da yadda ake fitar da zanen daga takarda zuwa katako. Makarantarmu ta koyon sana'a ce, a ƙaramin garinmu na bakin kogin Danube, inda rabin gidajen ke rufe, masu su suna Jamus ko Sifen. Ba don adabi ake kawo mana yara ba, kuma na san haka. Wataƙila shi ya sa na riƙe darasina da tsauri, don kada kowa ya ɗauka cikon benci nake yi.

A watan Satumba na shekarar da nake ba da labari, furannin da yara suka kawo ranar buɗe makaranta ba su ma gama bushewa ba, shugabar makaranta, Malama Gergova, ta kira mu ofis mu uku: ni, da Bai Zdravko, da Kalin, sabon malamin kwamfuta wanda shekarunsa ba su wuce ashirin da bakwai ba. Ta ce an ɗora mana sabon darasi na 'yan aji goma sha ɗaya, mu uku za mu yi shi tare. Kowa zai nuna wa yara yadda aiki yake tafiya a fanninsa tun daga tunani har a gama. A ƙarshen shekara kowane ɗalibi zai ƙera wani abu, ya haɗa 'yar manhaja, sannan ya rubuta insha'i yana kwatanta hanyoyin uku.

"Kowa ya kawo mini tsarinsa a takarda ranar Litinin," in ji ta.

Bai Zdravko ya sosa gashin bakinsa. "Shugaba, tsarina yana ƙasa. Ƙafa huɗu gare shi, wani lokaci uku. Ba ya hawa bene."

"Bai Zdravko, takarda na ce."

"To ki aiko da takardar, sai mu sa ta a ƙarƙashin ƙafar da ke rawa."

Kalin ya ƙyalƙyale da dariya, ni kuwa ban yi ba. Ranar Litinin na kai tawa takardar, an buga ta tsaf, da kibiyoyi daga sama zuwa ƙasa. Matakai biyar ne: zaɓen batu, tattara bayani, tsara kawunan magana, rubutawa, gyarawa. Shekara da shekaru nake koyar da su. Kalin ya kai da'ira da ya zana da hannu: ka yi kaɗan, ka gwada, ya lalace, ka gyara, ka sake gwadawa. Bai Zdravko bai kai komai ba, shugaba kuma ba ta ƙara tambayarsa ba, don saura masa shekara biyu ya yi ritaya, kuma shi ya gyara mata ƙofar ofis.

Ni na fara, na yi mako uku. Yara suka kwafi matakaina a littafi, suka haddace. Sai layi ya zo kan Bai Zdravko. Tunda darasin namu ne tare, na sauka ɗakin kafintoci a karo na farko, na tsaya can baya ina kaffa-kaffa da siket ɗina kada garin katako ya ɓata shi.

Kujeru bakwai ya jera a gaban yara, tsofaffi, duk nasa. Ya nuna ta farko.

"Wannan ina da shekara goma sha tara na zana ta. Na yi wata guda ina zane, ko kuskuren layi ɗaya babu. Wa zai zauna?"

Babu wanda ya motsa. Shi da kansa ya zauna, kujerar ta yi baya da shi, ƙafafunsa a sama. Aji ya kaure da ihu. Yana kwance a ƙasa ya ce, "Takarda ba ta gaya mini mutum yana jingina ba." Ya tashi ya kakkaɓe riga ya wuce ta biyu. Ita ba ta faɗuwa, amma minti biyar in ka yi a kanta cinyarka ta mutu. Ta uku ta yi kyau har surukarsa ta ce a ba ta, aka ba ta, bayan sati ta dawo da ita da ƙafa ɗaya a hannu. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace da abin da ta koya masa. Da ya zo ta bakwai ya ce wannan ma ba ta gama ba, gajiya ya yi.

Da aka kaɗa ƙararrawa yara ba su fita ba. A ajina kuwa tun saura minti biyar suke rufe jaka.

Kalin ya ga abin ya yi armashi, shi ma a makonsa ya haska wa yara wata manhaja da ya yi yana ɗalibi, duk allon ya cika da jajayen gargaɗi. Ya nuna musu yadda ya yi kwana uku yana neman kuskure, ashe ɗigo ɗaya ne ya manta. Muna fitowa daga wannan darasin Bai Zdravko ya tare ni a baranda.

"Abokiyar aiki, saura ke."

"Ni ai na gama nawa."

"Kin nuna musu tsani, ba ki nuna musu inda kika zame ba. Ki kawo musu takardunki masu datti, waɗanda kika soke, kika yi wa zane-zane a gefe. Su gani da idonsu."

"Ba ni da irin waɗannan takardun."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wadda ta rubuta labarin mai jirgin fito, da aka buga a mujallar birnin Ruse shekara ashirin da wani abu, ba ta da takardu masu datti? Na karanta shi sau biyu. Wurin da uban yake kirga fasinja da leɓe ba da yatsa ba, har yanzu ina tunawa."

Ban san akwai mai tuna labarin nan a duniya ba. Kuma ƙarya na yi masa. A gida, a saman kabad, ina da kwali cike da takardu. Shekara goma sha ɗaya ina rubuta littafi a kan mahaifina, wanda ya yi rayuwarsa yana fito da mutane a kogi. Babi na farko kaɗai na rubuta shi ya fi sau talatin. Ban taɓa tsara kawunan magana ba. Daga tsakiya nake farawa, daga wani wari ko wata kalma tasa, in ɓace, in dawo. Ko mijina bai taɓa ganin shafi ɗaya ba. In na ɗauko kwalin nan na ajiye a gaban yara, to na shaida musu cewa abin da nake koya musu ni kaina ba da shi nake aiki ba, kuma hanyar da nake bi ɗin ma ba ta kai ni ko'ina ba.

Na ce, "Bai Zdravko, rubutu ba kujera ba ne. In ka nuna wa yaro hargitsi, hargitsi zai koya."

"To," in ji shi. "Ke kika san fanninki." Ya sauka ƙasa.

A ajin akwai wata yarinya, Tsveta Dilova. Shekararta goma sha bakwai, tana zaune da kakarta a bayan gari, iyayenta suna aiki a gonakin lemo a Sifen. Ba ta da yawan magana, amma in ta yi sai ka juya ka sake kallonta. Makinta a darasina huɗu ne ko biyar cikin shida, ba ta taɓa ba ni dalilin lura da ita ba.

Abin da ta zaɓa ta ƙera shi ne 'yar gajeriyar kujera da kakarta za ta riƙa zama a kai tana cire ciyawa a lambun tumatir, don ƙugun tsohuwar ya daina yarda da durƙuso. Ta farko ƙafafunta suka nutse a ƙasa mai laushi, tsohuwa ta kife cikin kunyar tumatir. Ta biyu ta yi mata faffaɗan gindi, ta yi nauyin da ba ta ɗaukuwa. Ta uku ta karye. A ta huɗu ta cire ƙafafun gaba ɗaya ta sa katakai biyu dogaye a ƙasa, yadda tsohuwa za ta ja ta da igiya tsakanin kunyoyi. Manhajarta kuma ta tuna wa kakar lokacin shan magani ce. Ranar farko wayar ta riƙa kuka kowane minti ɗaya har tsohuwa ta jefa ta cikin kwandon albasa. Duk wannan a bakin Kalin na ji, yana ba da labari a ɗakin malamai yana dariya har da hawaye.

A watan Afrilu aka kawo insha'i. Ashirin da shida ne, kusan duk iri ɗaya: gabatarwa, sakin layi uku, kammalawa, kowa yana cewa hanyoyin uku sun yi kama domin duk suna farawa da tsari su ƙare da gyara. Na Tsveta ya zo da kauri, an ɗaure shi da igiyar ɗaure tumatir. Shafi huɗu ne a sama, a ƙarƙashinsu kuma kwafi tara da ta soke, wani da tabon gahawa, wani ta rubuta a gefensa da manyan baƙaƙe: ƘARYA CE WANNAN.

A ɗakin malamai na karanta shi, lokacin hutun rana. Da zagin kakarta ta buɗe, kalma da kalma, sa'ad da kujera ta nutse da ita. Daga nan ta ce ba ta san abin da take ƙerawa ba sai da ta ƙera shi ba daidai ba, cewa ƙasar lambu ce ta gaya mata, ba takarda ba. Manhaja, in ji ta, ta fi katako kirki domin tana faɗa maka nan take cewa ka yi shirme, katako kuwa yana jira sai kakarka ta zauna. Rubutu ya fi su duka mugunta, shi ba ya faɗuwa ba ya kuka, yana iya zama a karye shekara goma kana ganinsa lafiya. Sai ta zo wurin da har yau na haddace:

"Malam Zdravko ya nuna mana kujerunsa da suka kayar da shi. Malam Kalin ya nuna mana jan allonsa. A rubutu kaɗai aka nuna mana tsani mai hawa biyar, babu ko sawun ƙafa a kansa. Na gwada hawa, ban iya ba. Sai da na rubuta shafi uku kafin na gane me nake son faɗa, wato na fara daga mataki na huɗu, na gangaro na ɗaya, na sake tsallakawa. Ko dai ni ce ban iya ba, ko kuma masu rubutu suna ɓoye karyayyun kujerunsu."

A shekaruna na koyarwa ban taɓa karɓar rubutun ɗalibi da ya kai wannan ba. Na san haka tun ban kai ƙarshen shafi na farko ba, ba daga baya na gane ba. Amma da na zo layin ƙarshe sai na ji kamar yarinyar ta hau kujera ta leƙa saman kabad ɗina. Na ce a raina Bai Zdravko ne ya sa ta. Na ɗauki jan biro na rubuta: babu gabatarwa, babu tsarin kawunan magana, an yi amfani da kalaman da ba su dace ba, ba a bi matakai ba. Na sa uku, makin da yake dab da faɗuwa.

Kalin ya ba ta shida a manhaja, Bai Zdravko ma shida a kujera. Washegari da safe ina cin banitsa, burodinmu mai cuku, a ɗakin malamai sai ga Bai Zdravko ya hauro bene, abin da ba ya yi. Takardun suna hannunsa, Tsveta ta nuna masa.

"Nevena," in ji shi. Bai taɓa kiran sunana haka kai tsaye ba. "Uku?"

"Akwai ma'auni. Ba ni na ƙirƙiro shi ba."

"Ke kika ƙirƙiro shi mana, ranar Litinin ɗin nan, da kibiyoyi. An ce su kwatanta. A ajin nan kaf wa ya kwatanta in ba ita ba? Sauran aku ne kawai."

"Kai ka sa ta ta rubuta ƙarshen nan."

Ya kalle ni ya ce, "Ni? Ni da wasiƙar neman hutu ma matata ke rubuta mini? Ashe abin da ke cin ki ke nan."

"Babu abin da ke ci na. Jarrabawar gama makaranta tana zuwa baɗi, masu dubawa ba ruwansu da zagin kakarta. In na bar ta a haka na cuce ta."

"To ki ba ta shida, sannan ki koya mata yadda ake rubuta wa masu jarrabawa. Abu biyu ne daban. Ni ma ina koya musu kujerar da masana'anta ke so, amma ba na cewa ita kaɗai ce kujera."

Malamai biyu suna gefe sun yi kamar suna duba rajista. Da mu biyu ne kaɗai, wataƙila da na sauko. Sai na ce, da murya yadda kowa zai ji, "Ranar da na sauko ina gaya maka yadda ake riƙe zarto, ranar ka hauro ka gaya mini yadda ake ba da maki."

Ya ajiye takardun a hankali kusa da farantina. "Ki ci abincinki, abokiyar aiki," in ji shi, ya fita.

Bayan an tashi Tsveta ta zo ta same ni a aji. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi gardama ba. Ta tsaya riƙe da jaka a ƙirji.

"Malama, me zan yi in samu shida? Ina neman gurbin karatu a Ruse, uku zai ja ni ƙasa."

"Ki sake rubutawa. Ki bi matakan."

"Na farkon ba shi da kyau ne?"

Tambaya ce ta gaskiya, ba tsokana ba. Idonta yana kaina. Kalma biyu da na faɗa da sun isa. Na ce, "Ba a kan kyau ake magana ba, a kan bin ƙa'ida ake."

"To," in ji ta. Ta ɗauki ƙunshin takardunta ta tafi.

Bayan kwana biyu ta kawo sabo. Shafi biyu, tsaf, gabatarwa da sakin layi uku da kammalawa. Babu kaka, babu albasa. Ya ce zane da haɗa manhaja da rubutu duk suna bin matakai biyar, kuma wanda ya yi tsari mai kyau tun farko ba zai sha wahalar gyara ba. Babu kuskure ko ɗaya. Na sa shida a gabanta.

"Kin gani? Kwana nawa ya ɗauke ki?"

"Minti arba'in, Malama. Ashe abin ba wuya in mutum ba ya nufin komai."

Na yi kamar ban ji ba.

A watan Mayu sifeto ya zo daga ofishin ilimi na yanki don ya ga yadda sabon darasin ya tafi. Kujerun Bai Zdravko ba su burge shi ba, ya ce ɗakin yana buƙatar shara. Takardata ce ta kama masa ido. Ya ce a ƙara mata layi biyu, na zane da na manhaja, a jera su gefe da gefe kowanne da matakai biyar, sai a samu abin da za a raba wa sauran makarantu. Ya nemi samfurin insha'in ɗalibi, na ba shi na Tsveta na biyu. Ranar bikin haruffa, da ake karrama ilimi da malamai, ashirin da huɗu ga wata, shugaba ta kira ni gaban makaranta ta ba ni takardar yabo, yara suka tafa.

Bayan taro na tarar da Bai Zdravko a bakin famfo yana jiƙa hannu. Yatsunsa biyu a naɗe suke da bandeji.

"Barka," in ji shi.

"Me ya sami hannunka?"

"Murhun ɗakin kafintoci. Tun ranar da kika ba Tsveta shida. Na shigo na tarar ta cusa insha'inta na farko a wuta, har da igiyar. Na kai hannu, ban samu komai ba." Ya rufe famfo. "Na ce mata don me? Ta ce ai ni ina ajiye karyayyun kujeruna ne saboda sun koya mini wani abu, wannan kuwa abin da ya koya mata ta riga ta haddace."

Takardar yabon tana hannuna, na rasa inda zan sa ta.

Shekara ta gaba Tsveta ta zauna a ajina har ta gama. Duk insha'in da ta kawo shida na ba ta, kuma babu wanda na iya tunawa a cikinsu. Bai Zdravko ya yi ritaya a ƙarshen shekarar, ya koma ƙauyen matarsa yana kula da 'yar gonar inabi. Wanda ya gaje shi yaro ne mai ladabi, ya karɓi takarda mai layi uku ya koyar da ita yadda take. Da aka zo yi wa ɗakin fenti aka fitar da kujerun nan bakwai, mai gadi ya faskara su. Kalin ya samu aiki a Sofia ya tafi. Darasin ya ci gaba, ni ce babba a kansa, yara suna kwafa suna haddacewa, babu mai faɗuwa.

Sau da yawa na yi niyyar zuwa ƙauyen. Minti ashirin ne a bas. Na shirya abin da zan faɗa, na sake shiryawa. Sau ɗaya na hango shi a kasuwar Asabar yana taya dashen tattasai, ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Na tsaya bayan rumfar mai zuma har ya wuce. Na ce wa kaina ba a irin wannan magana a kasuwa.

Shekara shida bayan ritayarsa, wata safiya a watan Oktoba, na ga takardar sanarwar rasuwarsa manne a jikin bishiyar ƙofar makaranta, da hotonsa na lokacin da gashinsa yake baƙi. An riga an binne shi kwana uku da suka wuce. Ranar cika arba'in na hau bas ɗin da na kasa hawa duk shekarun nan.

Mutane ba su da yawa a maƙabarta. Bayan limamin coci ya gama addu'a, matarsa ta raba dafaffiyar alkama mai sukari a ƙananan kofuna, kamar yadda ake yi wa mamaci a wurinmu. Wata mace mai gajeren gashi da jakar kwamfuta a kafaɗa ta miƙo mini cokali.

"Malama Nevena. Ba ki gane ni ba."

Tsveta ce. Ta yi jiki kaɗan, muryarta ta ƙara kauri. Ta ce tana Ruse, tana zana kayan ɗaki a wata masana'anta, yawanci gadajen asibiti da kujerun tsofaffi. Kakarta ta rasu shekara biyu da suka wuce. Ta yi aure, tana da 'ya mai shekara ɗaya da rabi. Duk wata biyu takan zo ta gaida Bai Zdravko, ta kawo masa zanenta ya yi ta kushewa.

"Har zuwana na ƙarshe yana ce mini hannun kujerata ya yi tsawo," in ji ta. "Kuma ya yi ɗin."

Muka tsaya muna cin alkama. Na ce, "Kina rubutu?"

"Ni? Awo da lambobi. In rahoto ya taso akwai wani a ofis da nake ba shi gahawa ya rubuta mini." Ta yi dariya. "Ko uwata saƙon murya nake tura mata."

Na ajiye cokalin a cikin kofi. "Tsveta, insha'in nan naki na farko. Ban taɓa karɓar wanda ya kai shi ba, kafin ke ko bayanki. Na sani tun ranar. Abin da kika faɗa a ƙarshe gaskiya ne, shi ya sa na ba ki uku."

Ba ta yi fushi ba, kuma ban ga alamar wani nauyi ya sauka daga kanta ba.

"Bai Zdravko ya gaya mini yana da kyau," in ji ta. "Sau goma ya gaya mini. Amma shi kafinta ne, Malama, kuma yana sona. Na ɗauka lallashi ne. Ke na tambaya."

"Na sani."

"Ba komai. Ina son aikina, na rantse. Ba wai ina zaune ina kuka ba ne." Ta duba agogon wayarta. "Ban ma tuna abin da na rubuta ba. Na san dai akwai zagin kakata."

Na so in karanta mata sakin layin da na haddace, a nan tsakanin kaburbura. Na buɗe baki, sai mijinta ya danna hon daga bakin hanya, 'yar tana kuka a bayan mota. Ta sumbaci matar Bai Zdravko, ta dawo ta ba ni hannu.

"Mu rage miki hanya? Ta gari za mu bi."

"Ku je, zan ɗan zauna."

"To ki kula da kanki, Malama. Kin yi furfura, ta yi miki kyau."

Motar ta tafi. Matar Bai Zdravko tana tattara kofuna ita kaɗai, iska tana kwashe mata su. Ba ta san ni ba. Na durƙusa na taya ta tsincewa, ta tambaye ni ko ni ma ɗalibarsa ce. Na ce a'a, tare muka yi aiki. Ta ce to in zo gida in sha wani abu mai zafi kafin bas, akwai sauran awa biyu. Na ɗauki kwandon, na bi bayanta.